Brown-Séquard: Masanin da ya gano hanyoyin laka, ya kuma ruɗi kansa da allurar maido da ƙuruciya

A ranar 1 ga watan Yunin 1889, wani dattijo ɗan shekara 72 ya miƙe a gaban taron ƙungiyar masana ilimin halittu ta Société de Biologie a birnin Paris, ya ba da wani labari da cikin ƴan makonni ya karaɗe jaridun Turai da Amurka. Ya shaida wa abokan aikinsa cewa mako biyu ke nan yana yi wa kansa allurar wani ruwa da ya tace daga marainan karnuka da na ɓerayen Masar, kuma ƙarfin da tsufa ya ƙwace masa ya dawo. Da wani ne can ya faɗi haka, da an yi dariya an wuce. To amma mai maganar shi ne Charles-Édouard Brown-Séquard, shehun malami a Collège de France, magajin kujerar Claude Bernard, mutumin da har yau ɗaliban likitanci a Yamai, Yawunde da Njamena suke haddace sunansa kafin su shiga jarrabawa.

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Maraɗi, Garwa ko Kumasi, ya ji mai lasifika yana kwarzanta maganin ƙarfin maza, ya san irin kasuwar da wannan dattijo ya buɗe wa ƙofa a Turai ba da niyya ba. Tarihinsa ya ratsa ta cikin binciken da ya bayyana yadda sha'awa da ƙarfin saduwa suke rataye a kan jijiyoyi, jini da ƙwaƙwalwa. Ya kuma nuna cewa jin sauƙi bayan shan magani bai isa ya zama shaidar cewa maganin ne ya yi aikin ba, ko da kuwa mai jin sauƙin gwanin bincike ne.

Maraya daga tsibirin Moris

An haife shi ranar 8 ga Afrilun 1817 a Port-Louis, babban birnin tsibirin Moris da ke tekun Indiya, gabas da Madagaska. Shekara bakwai kafin nan Ingila ta ƙwace tsibirin daga hannun Faransa, amma Faransanci bai bar gidajen mutane ba. Mahaifinsa, Edward Brown, kyaftin ɗin jirgin ruwa ne daga birnin Filadelfiya na Amurka, ya ɓace a teku tun yaron yana ciki. Mahaifiyarsa, Charlotte Séquard, mai asalin Faransa, da allura da zare ta rene shi. Haka ya tashi, uba Ba'amurke, uwa Bafaranshiya, takardunsa na Ingila, mahaifarsa kuwa wani tsibiri na Afirka. Wanda yake zaune a wata ƙasa alhali danginsa suna ƙetaren iyaka, ba sai an yi masa dogon bayani a kan irin wannan rayuwa ba.

Tun yana matashi ya kama aikin tsaron kanti, yana rubuta waƙoƙi da wasannin kwaikwayo a lokacin da ya samu sarari. A 1838 shi da mahaifiyarsa suka ɗaure kaya suka nufi Paris, burinsa ya zama marubuci. Ya kai rubuce-rubucensa wurin fitaccen marubucin nan Charles Nodier, shi kuwa ya duba ya ba shi shawara ya nemi sana'ar da za ta ciyar da shi. Saurayin ya ji zafin maganar, amma ya bi ta, ya shiga makarantar likitanci. Uwar ta buɗe gidan saukar ɗalibai ƴan tsibirinsu, da kuɗin hayar suke ci suke biyan karatu.

A 1842 ta rasu. Rashin ya gigita shi har ya bar karatu ya koma Moris, kafin daga baya ya dawo Paris ya ɗora daga inda ya tsaya. Don tunawa da ita ne ya liƙa sunanta a jikin na mahaifinsa, ya zama Brown-Séquard. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun bayyana shekarun nan a matsayin na tsananin babu: ɗaki ɗaya ba wutar ɗumama, abinci sau da yawa burodi da ruwa, ga dabbobin gwaji a kwance tare da shi. A cikin wannan hali ya kammala kundin digirinsa a 1846, a kan yadda laka take aiki.

Abin da ya gano a cikin laka

Laka ita ce igiyar jijiyar nan mai kaurin ɗan yatsa da ke kwance cikin ƙashin baya, tsawonta kimanin santimita 45 a jikin babban mutum. Ta nan umarnin ƙwaƙwalwa yake sauka zuwa gaɓoɓi, ta nan kuma labarin zafi, sanyi da taɓi yake hawa sama. A zamanin ɗalibtarsa manyan malamai sun ɗauka duk saƙon ji yana hawa ne ta bayan laka, a gefen da ya shigo, sai ya isa ƙwaƙwalwa sannan ya tsallaka ɗaya gefen.

Brown-Séquard ya yi ta yanke rabin laka kaɗai a jikin dabbobi, yana barin ɗaya rabin, ya zauna ya lura. Ƙafar da ke gefen yankan takan shanye, amma in an tsunkule ta dabbar tana ji. Ƙafar ɗaya gefen kuwa tana motsi lafiya lau, sai dai ba ta jin ciwo. Ma'ana, jijiyoyin da ke ɗaukar ciwo suna tsallakawa ɗaya gefen tun a cikin laka, jim kaɗan bayan shigarsu. Ya bayyana wannan sakamako a wajajen 1849 da 1850, ya sha musu daga dattawan fannin, amma gwaji ya goyi bayansa.

Har yau, in aka kawo wanda aka soka da wuƙa a baya, ko wanda ya faɗi daga kan kabu-kabu rabin lakarsa ya taɓu, likita zai ɗauki tsinke da wani abu mai sanyi ya gwada ƙafafunsa biyu. In ya ga ɗaya ta shanye, ɗayar kuma ba ta jin tsini ko sanyi, sunan Brown-Séquard zai rubuta a takardar mara lafiyar.

Jijiyoyin da ke buɗe wa jini hanya

A watan Disamban 1851 Louis-Napoléon ya yi juyin mulki a Faransa. Brown-Séquard mai ra'ayin jamhuriya ne, don haka ya ga zaman ba nasa ba ne, ya hau jirgin ruwa zuwa Filadelfiya, garin mahaifin da bai taɓa gani ba. A can yana koyar da Faransanci, yana karɓar haihuwa a kan kuɗi kaɗan, yana kuma ci gaba da gwaje-gwajensa.

Gab da wannan lokaci Claude Bernard ya yanke wata jijiya a wuyan zomo, ya ga kunnen gefen ya yi ja ya ɗau zafi. A 1852 Brown-Séquard ya ɗora a kai: ya sa wutar lantarki a jikin guntun jijiyar da aka yanke, sai hanyoyin jinin kunnen suka tsuke, jan ya gushe, kunnen ya huce. Ya fahimci cewa hanyoyin jini ba bututu ne kawai ba, suna da tsoka a bangonsu, kuma jijiyoyi ne ke ba su umarnin su matse ko su saki.

A kan wannan tushe ne waɗanda suka biyo baya suka gina bayanin yadda sha'awa take motsa jiki. A 1863 wani masani Bajamushe, Conrad Eckhard, ya gano a jikin karnuka wasu jijiyoyi da ke fitowa daga can ƙasan laka, wajen ƙugu, waɗanda in aka taɓa su da lantarki jini yake cika gaban dabbar. Abin da aka sani yau shi ne, miƙewar gaban namiji aikin jini ne. Jijiyoyin nan, na rukunin da likitoci ke kira parasimpatik, wato rukunin kwanciyar hankali, suna sakin wani sinadari mai suna nitrik oksid. Shi ke sa tsokar bangon hanyoyin jini ta saki, jini ya kwarara cikin wasu soso biyu da ke cikin gaban, su kumbura su danne hanyoyin da jinin zai bi ya fita. A jikin mace ma jijiyoyin ke nan, jinin ke nan: shi ke kumbura gaɓoɓin al'aurarta ya kuma kawo danshi.

Umarnin yana zuwa ta hanya biyu. Akwai gajeriyar hanya, inda taɓi yake shiga ƙasan laka, amsa ta fito nan take ba tare da an jira ƙwaƙwalwa ba. Akwai kuma doguwa, wadda take farawa daga gani, ƙamshi ko tunani, ta bi ta wani ɗan yanki na ƙasan ƙwaƙwalwa da ake kira hipotalamus, ta sauko ta laka. Masu raunin laka ne suka tabbatar da wannan rabo: namijin da lakarsa ta tsinke daga sama yana iya samun miƙewa in an taɓa shi, alhali shi bai ji taɓin ba.

Inzali kuwa wani zubi ne na daban. Jijiyoyin rukuni na biyu, simpatik, masu fitowa daga tsakiyar baya zuwa ƙasa, su ke tura maniyyi cikin hanyar fitsari, su kuma rufe bakin mafitsara. Sannan tsokokin gindin gaban su riƙa matsewa a jere, tsakanin matsa da matsa bai kai daƙiƙa ɗaya ba, ga namiji da mace duka. A ƙwaƙwalwa sinadarin dopamin ke rura sha'awa, oksitosin yana ƙaruwa a lokacin inzali, bayansa kuma prolaktin ya hau, jiki ya yi lakwas.

Akwai wani abu guda da ya kamata a riƙe, domin shi zai bayyana ƙarshen wannan tarihi. Rukunin simpatik shi ne na ko-ta-kwana, wanda tsoro da fargaba suke tayarwa, kuma shi ne dai Brown-Séquard ya ga yana tsuke hanyoyin jini a kunnen zomo. A sauran lokuta shi ke riƙe gaban namiji a kwance. Don haka mutumin da ya shiga ɗaki da fargabar gazawa, jikinsa da kansa yake rufe ƙofar da yake so ta buɗe. Duk abin da ya kwantar masa da hankali, ko da ruwan tulu ne aka ce masa magani ne, yana iya sassauta wannan riƙo.

Mutumin da ƙasa ɗaya ba ta riƙe ba

A 1854 annobar kwalara ta afka wa Moris, ya je ya jagoranci wani asibiti na masu cutar. An ruwaito cewa har aman marasa lafiya ya haɗiya don ya gwada magani a jikinsa, ya kusa sheƙawa. Wannan hali na mai da jikinsa wurin gwaji bai rabu da shi ba har tsufa. Daga nan ya samu aikin koyarwa a Richmond ta jihar Virginia, amma bai jure zama cikin masu mallakar bayi ba, bayan ƴan watanni ya tattara ya koma Paris.

A 1856 ya yi wani aikin da ya isa ya ɗaukaka sunan kowane masani. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar ƙaramar gaɓa da ke zaune kamar hula, wadda a lokacin ba a san amfaninta ba. Shekara guda kafin nan likitan Landan Thomas Addison ya bayyana wata cuta mai kisa da ke tattare da lalacewar waɗannan gaɓoɓi. Brown-Séquard ya cire su duka biyu daga jikin dabbobi, ya ga ba sa daɗewa suke mutuwa, ya ce rayuwa ba ta yiwuwa sai da su. Masu suka suka ce tiyatar ce ke kashe dabbobin, amma zamani ya gaskata shi. Tun daga nan tunanin cewa wasu gaɓoɓi suna zuba wani abu a cikin jini wanda sauran jiki yake buƙata ya zauna masa a rai.

A 1858 ya kafa mujallar kimiyya tasa. A 1860 ya zama likita a sabon asibitin masu shanyewar jiki da farfaɗiya na Queen Square a Landan, inda masu kuɗi suka yi ta layi a ƙofarsa, amma bayan shekara uku ya ajiye, domin ɗakin bincike ya fi masa kuɗi daɗi. A 1864 jami'ar Harvard ta ba shi kujera, a shekarar kuma matarsa ta farko ta rasu. Ya koma Paris, ya sake komawa New York, ya sake aure, ta biyun ma ta rasu. An ƙiyasta ya ratsa tekun Atlantika kusan sau 60 a rayuwarsa. Sai a 1878, da Claude Bernard ya rasu, ya karɓi takardar zama ɗan Faransa, ya hau kujerarsa a Collège de France, ya samu wurin zama yana da shekara 61.

Ba duk abin da ya faɗa ne ya tabbata ba. Ya yi shekaru yana nanata cewa ɓerayen Masar da ya jawo wa farfaɗiya ta hanyar yanke jijiya suna gadar wa ƴaƴansu cutar, har Charles Darwin ya kafa hujja da aikin, amma daga baya aka gane ba haka ba ne. Mutum ne mai saurin hango gaskiya daga nesa, mai kuma saurin gamsuwa da shaida kaɗan.

Allurar 1889

Kowane makiyayi ya san abin da dandaƙa take yi wa bunsuru: wari ya tafi, faɗa ya ragu, neman akuya ya ƙare, ya zama taure mai ƙiba. Fadojin sarakuna a ƙasashe da dama sun san babanni da siririyar muryarsu da rashin gemunsu. A 1849 wani Bajamushe, Arnold Berthold, ya cire marainan zakaru ya mayar da su cikin cikinsu, inda babu jijiyar da ta haɗa su da inda suka fito, ya ga zakarun sun ci gaba da cara da bin kaji. Wannan ya nuna cewa ta jini maraina suke aika saƙonsu.

Brown-Séquard ya haɗa irin wannan lura da wani ra'ayi da ya cika Turai a zamaninsa, cewa maniyyi taskar ƙarfi ne kuma yawan zubar da shi yana raunana jiki da hankali. Ya ce in haka ne, raunin tsufa yana da nasaba da sanyin aikin maraina, kuma in aka mayar wa tsoho abin da suke samarwa zai farfaɗo. Tun 1869 yake furta wannan tunani a darussansa.

A tsakiyar watan Mayun 1889 ya fara gwadawa a kansa. Yakan daka marainan kare ko na ɓeran Masar, ya haɗa da jinin da ke fita daga cikinsu da maniyyi, ya zuba ruwa kaɗan, ya tace, ya yi wa kansa allura a ƙarƙashin fata. Ya yi sau goma cikin kimanin mako uku, duk da raɗaɗin da allurar take sa shi. Kafin nan, kamar yadda ya bayyana, rabin awa a tsaye a ɗakin bincike takan tilasta masa neman kujera, in ya koma gida kuwa sai kwanciya. Bayan allurar ya ce yana yin sama da awa uku a tsaye, ya ci abincin dare ya zauna rubutu mai wuya, ya hau bene da sassarfa. Ya auna ƙarfin damtsensa da na'ura ya ga ya ƙaru. Hatta nisan da fitsarinsa yake kaiwa sai da ya auna. Da ya dakatar da allurar, bayan kamar wata guda raunin ya dawo. A watan Yuli mujallar likitoci ta The Lancet ta buga rahoton a Landan.

Abin da ya lissafa ƙarfin jiki ne da na aiki, amma jaridu da ƴan kasuwa suka ja maganar zuwa shimfiɗar aure, suka raɗa wa ruwan suna maganin tsufa. Dubban likitoci a Turai, Rasha da Amurka suka shiga yi wa mutane allurar. Wasu suka kwashi ƙuraje da ruɓar jini saboda ruwan da aka haɗa cikin ƙazanta. A birnin Pittsburgh wani shahararren ɗan wasan ƙwallon gora, Pud Galvin, ya karɓi allurar a shekarar, abin da ya sa ake ambatonsa cikin ƴan wasan farko da suka nemi ƙarin kuzari ta hanyar magani. Abokan aiki da yawa kuwa ba'a suka yi, har wata mujallar likitoci ta masu jin Jamusanci ta ɗauki lamarin a matsayin hujjar yi wa malamai ritaya da zarar sun kai 70.

Shi dai bai ci ko sisi daga ciki ba. Shi da mataimakinsa Arsène d'Arsonval sun riƙa haɗa ruwan suna aika wa likitoci kyauta, bisa sharaɗin su dawo musu da rahoton abin da suka gani.

Me ya sa ya ji sauƙi?

Bai jahilci zargin cewa sa rai ne ya yi masa aiki ba. Ya kare kansa da gwajin wani likita mai suna Variot, wanda ya yi wa tsofaffi uku allurar suka ce sun ji ƙarfi. Sai dai mutum uku ba sa yanke hukunci, balle ma likitan da ke tambayarsu ya san abin da yake fatan ji. Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Mutumin da ya shafe shekara ashirin yana riƙe da wani ra'ayi, sannan ya zama shi ne likita, shi ne mara lafiya, shi ne alƙali, da wuya ya ga inda ya kauce. Ko na'urar auna damtse, abin da take nunawa ya danganta da irin himmar da mai matsa ta ya sa.

A 2002 wasu likitoci a birnin Perth na Ostareliya suka sake haɗa ruwan daga marainan karnuka bisa tsarin da ya rubuta, suka auna sinadarin namiji, wato testosteron, da ke ciki. Abin da suka samu ya gaza adadin da zai yi wa jiki tasiri da kusan ninki dubu goma. Dalilin a fili yake. Maraina ba rumbu ba ne, suna ƙera sinadarin suna zuba shi cikin jini nan take, kaɗan ne yake saura a cikinsu. Ga shi kuma dangin maiƙo ne, ba ya narkewa sosai a ruwa. Ƙarfin da dattijon ya ji na gaske ne a wurinsa, amma daga ƙwaƙwalwarsa ya fito.

Irin wannan darasi ne ya sa a tsakiyar ƙarni na 20 likitoci suka tsayar da ƙa'idar raba marasa lafiya gida biyu, a ba wasu magani, a ba wasu ƙwayar wofi mai kama da shi, ba tare da su ko likitan sun san wa ya samu wanne ba. Lokacin da aka gwada ƙwayar sildenafil, wadda aka fito da ita a 1998 da sunan Viagra, a wasu gwaje-gwajen kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka sha ƙwayar wofi sun ce sun ga ci gaba. Da wannan kaɗai mai tallar garin magani a tasha zai iya tara shaidu masu rantsuwa, ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarya ba.

Gadon da ya bari

Hujjarsa ta rushe, amma ainihin tunaninsa ya tsaya. A 1891 wani likitan Ingila, George Murray, ya bi sawunsa ya yi wa wata mata allurar ruwan da ya tace daga gaɓar gaban wuyan tunkiya, gaɓar nan da in ta kumbura ake kira maƙoƙo. Matar, wadda tata gaɓar ta daina aiki, ta warware ta ƙara shekara 28 a duniya. Murray ya dace ne saboda wannan gaɓa, saɓanin maraina, tana tara sinadarinta da yawa. A 1905 aka raɗa wa irin waɗannan sinadarai suna homon, a farkon shekarun 1920 aka samo insulin na masu ciwon suga. A 1935 ƙungiyar Ernst Laqueur a Amsterdam ta tace ƴan miligiram na testosteron daga tarin marainan bijimai, a shekarar kuma Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka haɗa shi a ɗakin bincike.

Ɗaya ɓangaren gadon bai yi kyau haka ba. A shekarun 1920 likita Serge Voronoff ya yi suna da dukiya a Paris yana dasa wa attajirai yankan marainan birai, waɗanda ake kamowa daga ƙasashen Afirka da Faransa take mulka. Jiki yakan ƙi dashen, amma masu biyan kuɗin sun yi ta ba da shaidar sun koma samari.

Yau an san cewa testosteron yana raya sha'awa, amma yawancin mazan da gabansu yake gazawa ba shi suka rasa ba. Ciwon suga, hawan jini da taba sigari su ke lalata hanyoyin jini da jijiyoyin da aka ambata a sama, wasu magunguna da damuwa kuma su ƙara. Da yake hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara toshewa, don haka gazawar takan zama gargaɗin ciwon zuciya tun da sauran lokaci. Namijin da ya rufe wannan gargaɗi da kwalbar tasha ya yi asarar damar auna jininsa da sugansa. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama kayan da aka ce na ganye ne zalla alhali an zuba musu sildenafil a ɓoye, wanda in ya haɗu da wasu magungunan ciwon zuciya yake faɗar da jini warwas. Tiramadol da wasu samari suke sha don jinkirta inzali yana kama mutum ya kasa bari, yana jawo farfaɗiya, a ƙarshe kuma ya kashe sha'awar da aka sha shi dominta. Allurar testosteron ba bisa umarnin likita ba tana tsayar da samar da ƙwayoyin haihuwa.

Allurar ba ta tsare mai ita ba. A farkon 1894 matarsa ta uku ta rasu, abin ya karya shi. Bayan ƴan makonni jini ya buge shi a ƙwaƙwalwa, ya rasu a farkon watan Afrilu, saura kwanaki ya cika shekara 77. An binne shi a maƙabartar Montparnasse a Paris, d'Arsonval kuma ya gaji kujerarsa. A tsibirin da aka haife shi, babban asibitin masu taɓin hankali da ke Beau Bassin sunansa yake ɗauke da shi, kuma a littattafan likitanci sunan yana nan a babin laka, inda ya yanka, ya lura, ya maimaita, har sai da shaida ta ishe shi.